Hoton zuciyata ya nuna sifiri, amma kolestarol ɗina ya haura: wanne zan bi?

Magidanci:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani a cikinku, domin takardu biyu ne a hannuna, kuma abin da ɗaya ta faɗa ya saɓa wa na ɗayar. Shekaruna 52, ba na shan taba, ba a taɓa cewa ina da ciwon suga ba, awon jinina kuma yakan tsaya a wajen 138 bisa 86. Gwajin jinin da na yi ya nuna jimillar kolestarol 246, LDL (wanda ake kira kolestarol mara kyau) 168, HDL (wanda ake kira mai kyau) 44, sai TG (wani nau'in kitsen jini) 170, duka a ma'aunin mg/dL. Likitan da ya duba ni ya ce in fara shan sitatin, maganin rage kolestarol, ni kuwa na roƙi a fara ɗaukar hoton CT ɗin nan da ke auna kalsiyam a jijiyoyin zuciya, sakamakon kuma ya fito sifiri. Tunda na'ura ta leƙa cikin jijiyoyin ba ta ga komai ba, mene ne dalilin da zai sa in ɗora wa kaina shan ƙwaya kullum saboda wata lamba da ke kan takarda?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni a ganina ka riga ka sami amsarka, domin gani ya kori ji. Gwajin jini hasashe yake yi a kan abin da ka iya faruwa, hoton kuwa yana nuna abin da ke nan a zahiri. Wannan ma'auni na kalsiyam ba sabon abu ba ne, tun 1990 wani likitan zuciya mai suna Arthur Agatston ya fito da tsarin ƙidaya shi, sannan babban binciken MESA da aka fara a Amurka a shekarar 2000 da mutum 6,814 ya nuna cewa masu sifiri ba kasafai suke gamuwa da bugun zuciya ba a cikin shekaru goma da suka biyo baya, har da waɗanda kolestarol ɗinsu ya ɗan haura. Saboda haka ne ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2018 suka yarda cewa mai matsakaicin haɗari, idan hotonsa ya nuna sifiri, yana iya jinkirta shan sitatin. Ni ma haka na yi, kuma ban yi nadama ba.

Malama Mai Ɗakin Gwaji:
Kafin a kai ga hukunci, Alhaji, ina so mu fara duba ita kanta takardar, domin aikina ke nan. Mutane da yawa ba su san cewa lambar LDL da suke gani galibi ba auna ta aka yi kai tsaye ba, lissafa ta aka yi. Ana cire HDL daga jimilla, sannan a cire kashi ɗaya cikin biyar na TG, wanda shi ne wani nau'in kitsen da ke yawo a jini. Wannan lissafi na Friedewald ne, tun 1972 ake amfani da shi, kuma idan ka gwada da naka za ka ga ya fito daidai: 246 a cire 44, a cire 34, saura 168. Lissafin yana lalacewa idan TG ya wuce 400, amma naka bai kai kusa ba, don haka lambar abar dogaro ce. A wuraren da ake amfani da ma'aunin mmol/L, ana raba lambar da kusan 38.7, wato LDL ɗinka zai zama 4.3, ina faɗin wannan ne saboda na sha ganin mutum ya kwantar da hankalinsa don ya ga lamba ƙarama, alhali ma'aunin ne ya bambanta.

Abu na biyu, gwaji ɗaya ba ya isa a yanke shawarar shekaru a kansa. Zazzaɓi mai tsanani, tiyata ko wata babbar jinya suna sauke kolestarol na wasu makonni, raunin aikin ƙwayar tayirod ta wuya da wasu cututtukan ƙoda da na hanta kuma suna ɗaga shi. Ya kamata a maimaita, a haɗa da gwajin TSH mai duba aikin tayirod, da na ƙoda, da na HbA1c mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watanni. Zancen kwana da yunwa na awa 9 zuwa 12 kafin a ɗebi jini kuma an sassauta shi, domin tun 2016 masana a Turai suka bayyana cewa yawancin mutane ba sa buƙatarsa, sai idan TG ya fito da yawa.

Likita:
Na gode wa Malama, ta rage mini aiki. Injiniya ya kawo ƙa'idar 2018 daidai, sai dai ya tsaya a tsakiyar jimla. Ƙa'idar ta ce ana iya jinkirtawa idan an sami sifiri, matuƙar mutumin ba mai shan taba ba ne, ba shi da ciwon suga, kuma babu tarihin ciwon zuciya na wuri a danginsa na jini. Alhaji ya amsa biyu na farko, bai ce komai a kan na uku ba. Alhaji, a cikin iyayenka da waɗanda kuke ciki ɗaya, akwai namijin da ya sami bugun zuciya kafin shekara 55, ko mace kafin 65?

Magidanci:
Likita, ban ɗauka wannan yana da muhimmanci ba, shi ya sa ban ambata ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana da shekara 54. Ya yi kwana biyu yana kukan nauyi a ƙirji, aka ɗauka gyambon ciki ne, a rana ta uku ya faɗi, kuma likitocin da suka karɓe shi sun ce zuciya ce. Yayana kuma an sa masa ƙarfen buɗe jijiya yana da shekara 57. Wanda ya ɗauki hoton bai tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya miƙo mini takarda ne kawai ya ce in yi murna.

Likita:
Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa Yaya lafiya. To, Alhaji, wannan bayani ya fi hoton nauyi a wurina, kuma zan faɗi dalili. Ciwon jijiyoyin zuciya yana farawa ne lokacin da ƙwayoyin LDL suka kutsa cikin bangon jijiya suka maƙale, jiki ya turo ƙwayoyin garkuwa su haɗiye su, a hankali wurin ya zama ƙullutu mai laushi cike da maiƙo. Kalsiyam yana zuwa ne daga baya, bayan shekaru, lokacin da jiki yake ƙoƙarin ƙeƙasar da wurin, kamar yadda tabo yake biyo bayan rauni. Hoton da aka ɗauke ka tabo kawai yake gani, ba ya ganin ɗanyen rauni. Ƙullutu mai laushin nan kuwa shi ne wanda ya fi saurin fashewa, idan kuma ya fashe jini ya daskare a kansa, jijiyar da jiya take a buɗe tana iya toshewa cikin mintoci. Saboda haka sifiri a wurin mai shekara 70 babban albishir ne, domin ya nuna ya yi shekaru masu yawa bangon jijiyarsa bai yi tabo ba, amma sifiri a wurin mai shekara 40 ko 50 bai da wannan ƙarfi, tunda yawancin sa'o'insa ma sifirin za su samu.

Ba ina cewa hoton banza ne ba. Ya gaya mana cewa haɗarinka a shekaru biyar masu zuwa ƙarami ne, kuma wannan abin godiya ne. Abin da bai gaya mana ba shi ne inda za ka kasance kana da shekara 62 idan LDL ya ci gaba da zama 168.

Injiniya:
Likita, na karɓi gyara a kan tarihin dangi, domin ban san da shi ba lokacin da na yi magana. Amma ina da ja a kan asalin hanyar da kuke bi. Kuna zuba shekarun mutum da awon jininsa da kolestarol ɗinsa a cikin wani lissafi, ya fito muku da kashi kaza cikin ɗari, ku ce wannan ne haɗarinsa. Tushen irin wannan lissafi shi ne binciken Framingham da aka fara a 1948 da mutum 5,209 a wani ƙaramin gari na Amurka, kusan dukansu Turawa. Lissafin da aka fitar a Amurka a 2013 ma an yi ta kukan cewa yana zuzuta haɗari, har ya zama duk namijin da ya kai wasu shekaru sai ya faɗa cikin masu buƙatar magani ko da lafiyarsa ƙalau. Ta yaya za a fifita ƙiyasin da aka gina a kan wasu mutane daban a kan hoton jikin mutum shi kansa?

Likita:
Wannan suka tana da tushe, Injiniya, kuma ba zan kare abin da bai karu ba. Lissafin 2013 ya zuzuta haɗari a wasu al'ummomi, shi ya sa aka fito da wani sabo mai suna PREVENT a 2023, wanda ya shigar da aikin ƙoda cikin lissafi kuma yake ba da ƙiyasin shekara 30 ban da na shekara 10. Turai suna da nasu, SCORE2, Ingila tana da QRISK3, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da jadawali a 2019 da ta raba wa yankuna 21 na duniya, duk saboda an gane cewa riga ɗaya ba ta shiga kowa. Amfanin hoton kalsiyam ma a nan yake: idan lissafi ya ajiye mutum a tsakiya, wato haɗarin kashi 7.5 zuwa kashi 20 cikin shekara 10 a ƙa'idar 2018, kuma shi da likitansa sun rasa inda za su karkata, hoton yana raba gardama. Idan ya kai 100 ko ya wuce, a fara magani. Idan sifiri ne kuma babu wani abin da ya ƙara nauyi, a jira a sake dubawa bayan wasu shekaru. Inda muka rabu da kai shi ne ka mai da shi alƙali na ƙarshe ga kowa, ni kuwa ina ɗaukarsa shaida ɗaya cikin shaidu.

Ɗalibin Likitanci:
Ina neman izinin manya in ƙara wani abu da aka koya mana, wanda ya sauya mini fahimta. Ɓarnar LDL tana taruwa ne, ana lissafa ta da yawansa a jini haɗe da yawan shekarun da ya yi a haka. Shaida mafi ƙarfi ta fito daga gado. Akwai masu cutar kolestarol ta gado, kusan mutum 1 cikin 250, waɗanda hantarsu ba ta iya janye LDL daga jini yadda ya kamata. Gano wannan hanya ta janyewa ce ta sa Michael Brown da Joseph Goldstein suka sami lambar Nobel a 1985. Irin waɗannan mutane suna iya samun bugun zuciya tun suna 'yan shekara 40 ko ƙasa da haka, ko da sirara ne masu motsa jiki. A ɗaya gefen kuma, wani bincike da aka wallafa a 2006 ya gano cewa kashi 2.6 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka da aka bincika suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado ta PCSK9 wanda ya rage musu LDL da kashi 28 tun daga haihuwa, ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya ragu a cikinsu da kashi 88. Ragi matsakaici ne, amma da yake ya ɗauki tsawon rayuwa, amfaninsa ya ninka. Don haka, Baba, jira har sai kalsiyam ya bayyana yana nufin an bar shekarun da magani ya fi amfani a cikinsu sun wuce. Lambar LDL ɗinka ba ta kai 190 ba, inda ake fara magani ba tare da wani lissafi ba, amma da tarihin mahaifi da na Yaya ya dace a bincika ko akwai gado a ciki.

Hajiya Babba:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, abin da ya same ni zan faɗa. Shekaru na yi ana gaya mini cewa kada in damu da LDL ɗina tunda HDL ɗina, wanda suke kira mai kyau, ya haura 70. Wata uku kafin in kwanta an yi mini gwajin ECG a wani asibiti aka ce zuciyata lafiya lau. Ina da shekara 61 bugun zuciya ya zo mini, kuma bai zo da ciwon ƙirjin da ake faɗa ba, gajiya ce da tashin zuciya da wani nauyi a muƙamuƙi da kafaɗa, har na yi awa shida ina jiran ya wuce. Ɗana, kai da ka ga abin da ya faru da mahaifinka, kada takarda ɗaya ta sa ka saki jiki. Sai dai zan faɗi gaskiya a kan maganin: sitatin na farko da aka ba ni ya sa cinyoyina ciwo, na daina sha ban gaya wa kowa ba, wanda kuskure ne. Da aka sauya mini wani iri a ƙaramin awo aka haɗa da ezetimibe, wani maganin rage kolestarol daban, ciwon bai dawo ba, LDL ɗina kuma yanzu yana ƙasa da 55, inda likitana yake so ya tsaya.

Likita:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, kin taɓo abubuwa uku da kowannensu yake yaudarar mutane. ECG yana karanta lantarkin zuciya ne a cikin 'yan daƙiƙoƙin da aka ɗauka, ba ya ganin cikin jijiya, don haka mutum yana iya samun sakamako mai kyau alhali jijiyarsa ta ƙuntace sosai. Hoton eko, wanda ake ɗauka da sauti, shi ma ƙarfin bugawar zuciya da ƙofofinta yake nunawa. Shi kuwa HDL, ƙarancinsa alama ce ta haɗari, amma yawansa ba garkuwa ba ne. An gwada magungunan da ke ɗaga shi, ɗaya daga cikinsu, torcetrapib, dole aka dakatar da gwajinsa a 2006 saboda mace-mace sun ƙaru duk da HDL ya tashi sosai. Rage LDL kuwa an tabbatar da amfaninsa tun binciken 4S na 1994 a kan masu ciwon zuciya 4,444, inda mutuwa ta ragu da kashi 30, kuma da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa an ga cewa duk ragin 1 mmol/L, wato kusan 39 mg/dL, yana rage manyan matsalolin jijiyoyin jini da kimanin kashi 22.

Ciwon tsoka gaskiya ne ga wasu, ba na musun abin da kika ji a jikinki. Amma a wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2020, an ba mutanen da suka daina sitatin saboda illa kwalabe, wasu da maganin gaske, wasu da ƙwayar da babu komai a ciki, kuma kusan kashi 90 na damuwar da suka ji da maganin sun ji ta da ƙwayar banzan ma. Abin da ya dace shi ne abin da aka yi miki daga baya: a faɗa wa likita, a sauya iri ko awo.

Injiniya:
To, idan matsalar ita ce hoton kalsiyam ba ya ganin ƙullutu mai laushi, me zai hana Alhaji ya yi ɗayan hoton CT ɗin da ake zuba ruwan rini ta jijiya, wanda yake nuna laushin da taurin duka? Na san binciken SCOT-HEART na Sikotland ya nuna cewa amfani da shi ya rage bugun zuciya daga kashi 3.9 zuwa 2.3 cikin shekara biyar.

Likita:
Alƙaluman daidai ne, amma mutanen da aka yi wa wannan bincike masu ciwon ƙirji ne da aka tura asibitin zuciya, Alhaji kuwa bai ce yana jin komai ba. Kuma babban abin da ya kawo ragin shi ne waɗanda aka ga ƙullutu a jijiyarsu an fi ɗora su a kan maganin rigakafi, wato dai wurin da muke tun farko. Hoton yana da nasa nauyi: hasken da ke ratsa jiki ya fi na hoton kalsiyam, wanda yake wajen 1 a ma'aunin irin wannan haske, mSv, ruwan rinin yana buƙatar a duba ƙoda, sannan yakan tono ƙananan abubuwa a huhu ko a jijiya da za su ja mutum cikin gwaje-gwajen da bai buƙata. Tambayar da nake yi kafin kowane hoto ita ce ko sakamakonsa zai sauya abin da za mu yi. A nan, gwajin jini guda biyu sun fi shi amfani. Na farko ApoB, wanda yake ƙidaya yawan ƙwayoyin da ke iya shiga bangon jijiya, tunda kowace tana ɗauke da ApoB guda ɗaya tak. Na biyu Lp(a), wata ƙwayar kitse mai kama da LDL da ke ƙara haɗari, wanda yawansa gado ne kusan gaba ɗaya, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai, kusan mutum 1 cikin 5 yana da shi da yawa, kuma ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka. Sau ɗaya a rayuwa ya isa a auna shi.

Magidanci:
'Yan'uwa, na dawo bayan mako uku da sakamako. LDL ya fito 161, TSH da ƙoda lafiya, HbA1c 5.9, Lp(a) kuma 140. Likitana ya ce wannan na ƙarshen ya haura, kuma mai yiwuwa shi ne abin da ke bin gidanmu. Na amince na fara sitatin, na kuma sayi na'urar awon jini ta gida domin ya ce 138 bisa 86 ma ba abin sakaci ba ne. Abin da ya rage mini shi ne in sani: yaushe zan sake hoton kalsiyam don in ga ko maganin yana aiki?

Malama Mai Ɗakin Gwaji:
Alhaji, ka fara duba ma'aunin da aka rubuta a gefen 140 ɗin nan. Idan nmol/L ne, ya ɗan wuce iyakar 125. Idan mg/dL ne, inda iyakar take 50, ya kusa ninka ta uku, kuma ba a sauya ɗaya zuwa ɗaya da lissafi mai sauƙi kamar na kolestarol. HbA1c ɗinka ma yana tsakanin 5.7 da 6.4, matakin da ke gaban ciwon suga, don haka shi ma a riƙa bibiyarsa.

Game da hoton, ba da shi ake auna aikin magani ba. Sitatin yana ƙeƙasar da ƙullutu mai laushi, don haka lambar kalsiyam tana iya tashi a jikin wanda maganin yake yi wa aiki, ya firgita a banza. Da jini ake bibiya: a sake gwajin kolestarol tsakanin mako 4 zuwa 12 da fara sha, a ga ko LDL ya sauka da kashi 30 zuwa 50 gwargwadon ƙarfin abin da aka ba ka, daga nan kuma duk wata 3 zuwa 12. Sitatin ba zai sauke Lp(a) ba, kada ka sa ran haka, manufar ita ce a rage sauran nauyin da ke kan jijiyar.

Injiniya:
Allah ya sa a dace, Alhaji. Ni har yanzu ina kan ra'ayina cewa mai sifiri wanda babu tarihi a danginsa yana da hujjar jira, kuma na lura Likita bai musa wannan ba. Amma ban taɓa auna Lp(a) ba, hotona kuma ya shekara shida, don haka zan koma a duba duka biyun.

Hajiya Babba:
Ɗana, saura ka kira Yayanka ka gaya masa wannan sakamako, kai da sauran ƙannenka maza da mata. Likita, 'ya'yansa fa, daga wace shekara ya kamata a fara duba su?

Likita:
Hajiya, a Amurka shawarar ita ce a auna kowane yaro sau ɗaya tsakanin shekara 9 zuwa 11, a sake tsakanin 17 zuwa 21, kuma a gidan da ake zargin gado ana iya farawa kafin haka. Alhaji, ka tafi da takardarka da bayanin shekarun da mahaifi da Yaya suka kamu lokacin da za ka kai su, domin wanda zai duba su ya san abin da yake nema.